Kwal ɗin Kaka a Murhun Sadakar Uku

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakana na wajen uba ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar damina, a ɗakinsa na gidanmu da ke Dutse Uku. Tari ne ya daɗe yana cin sa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa ana yayyafi, maza suka dawo da jar laka a ƙafafun wandunansu.

Ina zaune cikin mata a ɗakin Goggo, babbar 'yarsa, tagar ɗakin kuma tana kallon rumfar maza, don haka gaisuwar kowane ɓangare ta shiga kunnena. Liman ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa shi a sahun farko ba. Wani ya ce mutum ne da ba ya shiga sabgar kowa. Wani ya sassauta murya ya ce, "Hayaƙin nan ne fa ya cinye masa huhu. Mun sha gaya masa." A ɗakinmu wata maƙwabciya ta shafa addu'a, ta gyara mayafi, ta raɗa wa ta kusa da ita, "Allah ya jiƙan Baba Mai Hayaƙi. Yanzu dai shanyarmu ta huta." Na ji ta sarai. Na ci gaba da kallon zanen tabarma.

Da la'asar na hango Baffa, babban ɗansa, ya zaga bayan gida inda rumfar aikin Kaka take. Ya taka tsawonta taki ɗaya-ɗaya, leɓɓansa na motsi, sannan ya taka faɗinta. Shaguna yake aunawa.

Mutum ɗaya na ga ya yi kuka da sauti a ranar, tsohon abokinsa mai walda, Ibo ne, Kirista. Tun da rikici ya raba gari kowa ya koma unguwar 'yan'uwansa bai sake taka layinmu ba, a bakin kasuwa suke haɗuwa. Ya zo, ya cire hula, ya rasa inda zai zauna cikin maza, sai ya wuce rumfar aikin ya dafa bututun ƙarfen da shi ya yi waldarsa. Da na kai masa ruwa ya kira ni da sunan da Kaka yake tsokanata da shi.

"Amarya," ya ce, "miji naka ya tafi ya bar mu da wannan kaya."

Ranar sadakar uku ruwa ya kwana yana zuba, itacen girki ya jiƙe sharkaf. Ƙofar gida ta zama taɓo, masu gaisuwa na zamewa. Baffa ya sa aka shiga rumfar Kaka aka kwaso gwangwanayen yashin da ke jere a kan kanta, aka zazzage su a ƙofa don a samu wurin taka ƙafa. Mata kuma suka ga buhuna cike da baƙin abu, suka ce ga gawayi Allah ya kawo. Suka loda shi a murhu, ya ƙi kamawa, domin kwal ne na dutse, ba ya jin ashana. Sai aka nemo takarda da kananzir.

Ni ban san ana yi ba sai da warin ya iso ɗaki. Na san warin nan kamar yadda na san muryarsa. Na fito ba takalmi. Tsakar gida ta cika da hayaƙi mai kauri, rawaya-rawaya, mata na tari suna fifita da mayafi, idanun kowa na zubar da ruwa. Waɗanda suka shigo a lokacin sun fita suna cewa lallai an ji mutuwar tsohon nan, dubi yadda ake kuka. A gefen murhu ga bangon littafi mai ruwan bula, ba komai a cikinsa.

"Goggo, littafin da ke kan teburinsa ne?"

"Shi ne a sama," ta ce tana share ido. "Lissafi ne zalla, na duba. Ba aya ko ɗaya." Sai ta kwance gefen zaninta ta fito da takarda a ninke, ta miƙo mini da hannu biyu. "Ga shafin farkon, akwai bisimilla. Wannan kam ban bari wuta ta taɓa shi ba. Ki adana shi wuri mai tsabta."

Ba da mugunta ta yi ba, shi ya sa har yau na rasa inda zan ajiye fushina. Littafi na ƙarshe ne, na aikin shekara biyu, kuma da hannuna aka rubuta shi.

Kaka bai yi jami'a ba. Makarantar koyon sana'a ya yi, ya shafe ƙuruciyarsa yana kula da tukunyar tururi a wata masana'anta da aka rufe tun ina goye. Da aka watse, abokan aikinsa suka kama kasuwanci, shi kuwa ya dawo gida da tsohuwar na'urar auna hayaƙi da wasu littattafai da wani injiniya ya bar masa. Yakan ce ƙasar nan tana kwance a kan kwal tana kwana cikin duhu, ranar da aka waiwayi kwal ɗin kuma ba a unguwar manya za a kafa bututun hayaƙin ba. Abin da yake nema kenan har ya mutu: yadda za a ƙona kwal ɗinmu ba tare da an shaƙe mutanen da ke ƙarƙashin bututun ba.

Abin da suka haɗa da mai walda bututu ne a tsaye, ya fi mutum tsawo, an naɗe shi da tubalin wuta. A gindinsa akwai faranti mai ƙananan huda, a kan farantin yashi, a ƙarƙashinsa injin hura iska. Idan yashin ya yi zafi aka saki iska ta ƙasa, sai ya tashi ya kama tafasa kamar kunu, a riƙa zuba masa kwal da kaɗan-kaɗan. Ina shekara tara ya ɗaga ni na leƙa ta ɗan gilashin da ke jikin bututun. Na ga ja kamar faɗuwar rana a bayan duwatsu, yana kumfa yana fashewa, baƙaƙen ƙwayoyi na nutsewa suna tasowa. Na ce ruwa ne. Ya ce yashi ne. Na ce to ya manta shi yashi ne. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Wannan amarya tawa ba za ta yi girki ba, waƙa za ta riƙa dafa mini."

"Wa zai yi wa tsoho mai warin kwal girki?" na ce.

"Za ki neme ni ne ranar da samarin zamani suka ba ki kunya."

Yashin daga bakin tafkunan kuza na Naraguta yake ɗebo shi. Ya wanke, ya shanya, ya tankaɗe da rariya hawa-hawa, kowane girma da gwangwaninsa da rubutu a jiki. Gwangwani ɗaya yakan ci masa mako. Kwal ɗin kuwa direbobin manyan motoci yake roƙo su kawo masa, na Inugu daban, na Lafiya daban, na wajen Gombe daban, kowane buhu da takardarsa.

Da mai suyar gyaɗa ya fara yi mini bayani. Ya ce dubi yadda take juya gyaɗa cikin yashi mai zafi, ba wadda ke ƙonewa ta bar wata ɗanya, yashin ne yake raba zafin daidai. Haka tukunyarsa take, shi ya sa ba ta bukatar zafi mai tsanani irin na manyan tashoshin wuta. Iskar da muke shaƙa mafi yawanta naitirojin ne, ba ya cutar da kowa, kuma a zafin tukunyar yashi ba ya ko motsi. Amma akwai wani naitirojin a cikin jikin kwal ɗin kansa. Da ƙwayar kwal ta faɗa yashi sai wani sashe ya fita tare da tururin farko, wani ya rage cikin gawayin da ke ci a hankali. Idan ya fito ya tarar da oksijin ya yi yawa, sai su haɗu su zama guba, wadda ɗalibai ke kira noks. Da farko ba ta da launi, sai ta sha iska take yin ja-ja, ita ce ke cin huhu, ita ce ke komawa ruwan sama mai tsami. Idan kuwa ya fito ya tarar da iska kaɗan, sai ya nemi ɗan'uwansa su haɗu su fice salin-alin.

"To a rage iskar mana," na ce.

"Sai kwal ɗin ya ƙi cinyewa. Shi ya sa muke raba ta biyu, kaɗan ta ƙasa, ragowar ta wannan bututun na sama. Tambayar ita ce nawa ƙasa, nawa sama, kuma kowane kwal da halinsa."

Abin bai tsaya nan ba. Idan ya zuba garin farar ƙasa don ya kama farar wutar da ke cikin kwal, noks sai ya ƙaru. Idan ya rage zafi noks ya sauka, sai wata iskar, 'yar'uwarsa mai ɗumama duniya, ta hau, na'urarsa kuma ba ta iya ganin wannan, a littafi kawai ya san ta. Yakan zauna a kan benci ya zuba wa bututun ido ya ce, "Kai dai ba a yi maka gwaninta." Kamar da mutum yake.

Unguwa ba ta taɓa sonsa da wannan aiki ba, ya kuma sani. Duk ranar da zai kunna wuta sai ya bi gida-gida da sandarsa yana sallama, yana cewa a kwashe shanya, a rufe tulu. Wasu su amsa, wasu su yi tsaki ta bayan labule. Maƙwabciyar nan mai maganar shanya, lokacin da 'yarta ke fama da asma, wata huɗu cur bai kunna ba, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Ni kaɗai na sani, don ni nake rubuta kwanan wata.

Ɗalibai kan zo daga makarantu daban-daban idan aikin kammala karatu ya tsaya musu. Ya kunna musu wuta, ya nuna musu inda za su sa ido, ya gyara musu lissafi, ya sa a kawo musu tuwo. In sun gama sukan kawo masa kofi ɗaya na littafin aikin, mai bango mai kauri. Sai ya goge hannu, ya buɗe shafin godiya, ya bi layi-layi da yatsa, ya rufe ya ce, "Allah ya sa albarka." Bayan rasuwarsa na buɗe su duka. An gode wa iyaye, an gode wa shugaban sashe, wani har budurwarsa ya gode wa. Kaka yana cikin "da duk waɗanda suka taimaka ta kowace hanya".

Da idonsa ya fara hazo na zama mai rubuta masa. Adabi nake karantawa, sai na dawo daga makaranta mu shiga rumfa. Shi yana kan famfunan iska, ni ina kan na'ura, duk minti biyar in karanta lamba in rubuta a gidanta. A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba.

Wata ranar Asabar ce. Na leƙa gilashin na shagala da kallon yashin, wani baiti na zagaya kaina, har lokacin karanta lamba ya wuce sau biyu. Da na farga sai na dubi lambar sama da ta ƙasa, na ƙirƙiro biyu da suka dace a tsakani na cike. Da yamma ya ce in karanto masa. Ina zuwa wurin ya ɗaga hannu.

"Maimaita."

Na maimaita.

"A daidai nan na buɗe iskar sama. Dole lambar ta yi tsalle kafin ta zauna. Taki ta sauko kamar mai saukowa daga bene. Kin gani da idonki?"

Na ce kusan haka ne ai, bambancin ba zai kai komai ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ina ƙarama. Ya ce, "Wata rana wani zai gina tukunya a kan wannan lambar, a bayan gidan wasu. Su za su shaƙi kusan hakan naki." Ya karɓi biron, ya laluba, ya soke lambobin biyu, ya ja ɗan gajeren layi a kowane gida. "Abin da ba ki tabbatar ba, ki ja masa layi ki wuce. Ba abin kunya ba ne."

Na yi kuka, na ce ya nemi wani marubucin. Kwana shida ba amarya ba ango, sai gaisuwa. Rana ta bakwai na tarar da sabon littafi a kan matashina, ya sa mai shago ya rubuta a bangon: na waƙa. A ƙasa da hannunsa ya ƙara: a nan ki ƙirƙiri abin da kike so.

A watanninsa na ƙarshe numfashi ya yi masa wuya, amma fuskarsa ta saki. Kwal ɗin Lafiya, wanda ya fi ba shi wahala, ya fara jin magana. Mun sami wani rabon iska da noks ya sauka ƙasa sosai, kwal ɗin kuma ya cinye tas, mun maimaita ya sake fitowa. "Amarya, mun kusa," yake cewa. Duk wannan yana cikin littafin mai ruwan bula.

Ranar bakwai wani Dakta ya zo da mota mai sheƙi. Yana cikin ɗaliban da suka ci tuwon rumfar nan, yanzu ana jin sa a taruka. Ya yi gaisuwa mai kyau, idonsa har ya kawo ruwa, na kuma yarda na gaskiya ne. Ya sa aka kira ni zaure. Ya ce Kaka ya yi masa waya kan sakamakon ƙarshe, yana so ya fitar da shi a mujallar masana, sunan Kaka a farko, nasa a baya.

"Mun ci amanar tsohon nan," ya ce. "Bari mu gyara ko sau ɗaya."

Na gaya masa abin da ya sami littafin. Ya murza goshi.

"Amma ke kika rubuta, ko? Ƙwaƙwalwarki sabuwa ce. Zauna ki tuna. Inda ya ɓace miki ki kimanta, ni zan daidaita sauran. Ƙanwata, ba wanda zai zo Dutse Uku ya bincika."

"A sake gwajin mana, Dakta."

"Da wane kwal? Da wane yashi? Baffanki ya ce mini bayan arba'in za a rushe rumfar. Ni kuma wata ɗaya gare ni." Ya tausasa murya. "Ko ba kya son a san sunansa?"

Ina so. Allah ya sani ban taɓa son wani abu kamar haka ba. Na sayi littafi mai ruwan bula irin wancan, na manna shafin bisimillar a farkonsa, na ja gidajen lissafi kamar yadda muke ja. Kwana uku ina zama a bencinsa da safe. Ina ganin shafukan a idona, har inda shayi ya zuba, har inda ya dangwala yatsa mai baƙi. Na san lambobin suna sauka. Amma in na kai biro sai in ji bakwai ce ko tara, a layin nan ne ko na ƙasansa. Sau biyu na rubuta lamba mai kyau, wadda ta dace da maƙwabtanta, na zauna ina kallonta. Ta sauko kamar mai saukowa daga bene. Na soke ta.

Lambobi goma sha ɗaya na tabbatar da su, don ranar da muka same su ya sa na maimaita har na haddace. Na rubuta su. Sauran gidajen, shafi ashirin da wani abu, na bi su ɗaya-ɗaya na ja wa kowanne ɗan gajeren layi. Hannuna ya yi tsami kafin in gama.

Da Dakta ya dawo na miƙa masa. Ya buɗe, ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya ce, "Wannan ai ba abin da za a yi da shi." Na ce na sani. Ya ce in sake tunani, zai kira. Bai kira ba, ban kuma ga laifinsa sosai ba.

Washegarin arba'in Baffa ya kawo masu rushewa da 'yan gwangwan. Kafin su sa hannu sai ga mai walda da a-kori-kura, ya tsaya a ƙofar rumfa ya ce wa Baffa, "Alhaji, wannan ƙarfe ni na ƙona hannu a kai. Ba zai tafi bola ba." Baffa ya ɗaga kafaɗa ya ce ya kwashe, wuri yake so. Da aka ɗaure bututun a mota, tsohon ya juyo gare ni.

"Amarya, yana shago nawa. In ka samu yashi, ka zo da safe, ka koma kafin la'asar. Ni ban san lissafi ba, wuta kawai na sani."

Ban san ko zan iya ba. Na'urar ta tsufa, ba ni da kwal, ban san direba ko ɗaya ba, kuma ni mai waƙa ce. Rariyoyin dai na ɓoye su a ƙarƙashin gadona tare da littafin.

Yanzu shaguna uku ne a wurin, ɗaya ana sayar da katin waya. Shanyar unguwa tana bushewa fara tas. Sunan Kaka bai shiga mujallar kowa ba, kuma ni ce na hana, da layukan da shi ya koya mini ja. Wasu ranakun ina jin na yi daidai. Wasu ranakun in na fito ƙofar gida bayan an ɗauke ruwa, sai in ga yashinsa ya taso ta cikin laka, fari, mai laushi, tankaɗaɗɗe tas, mutane na bi ta kai da takalma.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da huhun da ya ƙare a neman iska mai tsabta domin mutanen da ba su san yana yi ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka ba shi numfashin da ya rasa a nan. Abin da wuta ta ci na aikinsa, Kai ka gani, ba ka kuma bukatar in cike maka komai. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.